Yadda Ake Yawon Yini Ɗaya a Tsohuwar Alƙahira Tare da Ɗan Jagora

Masu karatu da dama, musamman waɗanda ke zuwa Masar jinya ko fatauci ko duba 'ya'yansu da ke karatu a Azhar, sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: idan mutum ya sami sararin yini guda a Alƙahira, ta yaya zai ga manyan wuraren tarihin birnin ba tare da ya ƙarar da yinin a cikin cunkoson motoci ko a shagon turare ba? Abin da ke gyara wannan yawo ko ya ɓata shi shi ne jerin da aka bi, wato inda aka fara, inda aka yi sallah, da inda aka bari sai yamma. Ga matakan bi da bi.

Mataki na 1: Yanke iyakar yinin

Alƙahira tana da sassan tarihi uku da baƙi ke nema, kuma kowanne yana nesa da ɗan'uwansa. Akwai Giza, inda dalar Fir'aunoni take, a hayin kogin Nilu ta yamma. Akwai Fusɗaɗ a kudu, inda Masallacin Amru bin Asi da tsofaffin majami'un Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, suke. Sai kuma tsakiyar tsohon birni, daga Ƙal'ar Salahuddini, wato tsohuwar ganuwar tsaron birnin, zuwa Azhar da Titin Mu'izz, wanda shi ne wannan bayani ya ɗauka. Kamfanoni da yawa suna tallar haɗa ukun a yini ɗaya, kuma a takarda abin yana da ban sha'awa, amma wanda ya karɓa zai tarar da cewa rabin sa'a ake ba shi a wurin da ya cancanci sa'a biyu, ragowar lokacin kuwa yana zaune a mota. A ware wa Giza rana tata daban.

Game da zaɓen rana, hutun mako a Masar Jumma'a ne da Asabar. Safiyar Jumma'a tituna suna da sarari, sai dai masallatai suna dakatar da masu yawo gabanin sallar Jumma'a, da yamma kuma Titin Mu'izz yakan cika maƙil da iyalai. Ranar Lahadi shaguna da yawa a kasuwar Khan al-Khalili ba sa buɗewa. Saboda haka tsakanin Litinin da Alhamis ya fi dacewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana tafiya a ƙasa cikin sauƙi, amma rana tana faɗuwa da wuri, Magariba kan yi kusan ƙarfe 5 a Disamba. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa zafi yana da tsanani, dole a sammaka.

Gargaɗi: a watan azumi ana rage lokutan buɗe wuraren tarihi, don haka wannan jeri ba zai yiwu yadda yake ba sai an taƙaita shi.

Mataki na 2: Neman ɗan jagora

Aikin jagorar baƙi a Masar aiki ne mai lasisi, Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido da Kayan Tarihi ce ke bayarwa, kuma mai lasisin yana ɗauke da katin shaida mai hotonsa. Ana samun su ta otal, ko ta kamfanin yawon buɗe ido, ko ta hannun wanda ya taɓa aiki da su, kuma wannan hanya ta ƙarshe ita ce na fi amincewa da ita. Kafin a yi maganar kuɗi, ka nemi ya aiko maka da hoton katinsa, ka kuma kira shi da murya domin ka ji ko kuna fahimtar juna. Wanda ya karanta Larabcin littafi kada ya ɗauka zai gane duk abin da Bamisire ke faɗa, domin karin harshensu ya sha bamban. Ka roƙe shi tun farko ya yi maka bayani da fusha, wato Larabcin littafi, ko da Turanci. Ka tambaye shi kuma ko fanninsa tarihin Musulunci ne, saboda da yawansu sun fi ƙwarewa a zamanin Fir'aunoni, idan suka shiga masallacin zamanin Mamluk, wato sarakunan Musulmi da suka mulki Masar a da, sai bayaninsu ya zama na sama-sama.

Ɗaliban Nijeriya da Nijar da ke karatu a Azhar sukan raka baƙi, kuma amfaninsu babba ne wajen tafinta da ciniki da sanin inda abinci yake da kyau. Amma rakiya daban, jagora daban. A wuraren da ake shiga da tikiti, jami'ai suna iya tare wanda suka ga yana yi wa ayari bayani ba tare da lasisi ba. Idan akwai tsofaffi a cikinku da ba sa jin Larabci ko Turanci, mafita ita ce a ɗauki mai lasisi, ɗalibin kuma ya zo a matsayin ɗan'uwa mai fassara, a biya masa tikiti da abinci, a kuma sallame shi da abin kirki.

Mataki na 3: Ƙulla yarjejeniya a rubuce

Nan ne mafi yawan rigima ke samo asali, don haka a tsaya a kansa. Kuɗin wannan yini ya kasu biyar: ladan ɗan jagora, mota da direba, tikitin shiga, abincin rana, da ƙananan kyaututtukan da ake kira bakshish. Idan aka faɗa maka farashi dunƙule, ka tambayi wanne daga cikin biyar ɗin ya shiga ciki, a kuma rubuto maka amsar ta WhatsApp. Sau da yawa farashin da ya yi araha ƙwarai bai ƙunshi tikiti ba. Yawon da aka keɓe wa iyali ɗaya da motarsu ya fi shiga ayarin bas tsada, yakan kai gomomin dalolin Amurka ga kowane mutum, yana raguwa gwargwadon yawanku, amma shi ne kaɗai zai ba ku damar tsayawa sallah a kan lokaci da kuma tafiya daidai ƙarfin dattijon da ke tare da ku.

Saƙon yarjejeniyar ya ƙunshi sunayen wuraren a jere, lokacin ɗauka da na dawowa, irin motar da ko tana da na'urar sanyaya iska, wuraren tsayawa sallar Azahar da La'asar, da kuɗin da za a biya da fam, wato kuɗin Masar, ko da dala. A ƙara jimla guda wadda ta fi sauran muhimmanci: ba za a tsaya a shagon turare, ko na takardar papiras, ko na darduma ba. 'Yan jagora da direbobi suna samun kamasho a waɗannan shaguna, kuma tsayawar da aka ce ta minti goma ce takan cinye sa'a guda, da shayi da komai, har mutum ya ji nauyin fita hannu rabbana.

Gargaɗi: kada ka biya kuɗin duka kafin a tashi. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, cikon kuma sai an dawo.

Mataki na 4: Shirin daren jajibiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne katin banki, domin tun daga 2023 manyan wuraren tarihi na Masar, har da Ƙal'a, sun koma karɓar kuɗin tikiti da kati maimakon tsaba. Kada ka dogara da katin naira ko na sefa sai ka gwada shi a wani shago a Alƙahira ka ga ya yi aiki. Idan bai yi ba, ka shirya da ɗan jagora ya saya da nasa katin ka ba shi tsaba, ko a sayi tikitin tun da dare a shafin intanet na ma'aikatar, inda kuma za ka ga farashin ranar da idonka. Dubawar tana da amfani, saboda ana ƙara farashin akai-akai, baƙo yana biyan ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya sau da yawa, ɗalibi mai katin ɗalibta na ƙasa da ƙasa kuma yana biyan rabin na baƙo.

Abu na biyu shi ne canji. Tun da aka saki darajar fam a watan Maris na 2024, dalar Amurka tana kai-komo a kusa da fam 50. Ka canza a banki ko a ofishin canji mai rajista, domin canjin bayan fage laifi ne a dokar ƙasar. Takarda mafi girma ita ce ta fam 200, kuma ba ta da amfani wajen mai tsaron takalma ko mai gadin bayan gida, don haka ka tara 'yan 10 da 'yan 20 masu yawa a aljihu daban.

Sauran kayan ba su da yawa: takalmi mai sauƙin cirewa da safa, jakar leda ko ta yadi ta zuba takalmin, ruwan roba, hula ko laima, takardar goge hannu, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da kwafin fasfo. Mata su riƙe mayafi mai rufe kai da kafaɗu, wanda a wajen mafi yawan masu karanta wannan ba sabon abu ba ne. Ka duba agogonka kuma: Masar tana gaban Nijeriya da Nijar da sa'a ɗaya, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tazarar takan zama sa'a biyu, saboda suna tura agogo gaba a lokacin zafi.

Gargaɗi: an haramta shiga da jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, haka nan ɗaukar hoton 'yan sanda, sojoji ko shingayensu. Hoto da waya a cikin wuraren tarihi ba matsala.

Mataki na 5: Fara da Ƙal'a

A bar masauki da wuri yadda za a iso bakin ƙofa daidai lokacin buɗewa, kafin manyan bas-bas su sauke ayarinsu. Idan da kanka za ka yi wa direba kwatance, Misirawa suna cewa "el-Al'a", kuma ƙofar baƙi tana ta ɓangaren Titin Salah Salem. Salahuddinil Ayyubi ne ya fara gina wannan ganuwa a 1176 a kan tudu, shi ya sa ake farawa da ita: hawan yana da wuya idan rana ta take, iskar safe kuma ta fi ba da damar hango birnin.

A ciki, a nufi Masallacin Muhammad Ali kai tsaye, mai manyan ƙubbobi da siraran hasumiyoyi irin na Turkawa, wanda aka fara ginawa a 1830, kabarin mai shi kuma yana ciki kusa da ƙofa. Daga nan a fita dandalin da ke bayansa, inda ake ganin birnin shimfiɗe, idan sama ta yi garau har dalar Giza ana hangowa. Ka sa ɗan jagora ya nuna maka daga nan sauran wuraren da za ku je, domin ka san inda ka dosa. Sannan a shiga Masallacin Nasir Muhammad bin Ƙalawun, na 1318, wanda yake daf da wancan. Ayari da yawa suna wuce shi, alhali ginshiƙansa da aka kwaso daga tsofaffin gine-gine da hasumiyoyinsa masu koren tangaram sun cancanci tsayawa. Gidajen adana kayan soja da na 'yan sanda da ke cikin harabar a bar su, sai wanda yake da wata rana. Sa'a ɗaya da rabi ta isa.

Mataki na 6: Sultan Hasan, Rifa'i da Ibn Tulun

Daga dandalin Ƙal'a za ka ga masallatai biyu manya a ƙasa suna fuskantar juna, har ka ji kamar ka gangara da ƙafa. Kada ka yi, domin ƙofar fita tana ɗaya ɓangaren tudun, zagayen kuma yana da nisa a gefen titi mai gudun motoci. Direba ya jira ku a ƙofar da kuka shiga.

Tikiti ɗaya ne ke shigar da mutum masallatan biyu. A fara da na Sultan Hasan, wanda aka soma a 1356, kuma a ganina shi ne ginin da ya fi kowane cancantar lokaci a duk yinin. Ana shiga ta wani dogon soro mai duhu da lanƙwasa, sai kwatsam a faɗo tsakar gida mai haske, da wurin alwala a tsakiya da manyan rumfuna huɗu masu tsayin gaske. An gina shi da makarantu huɗu na mazhabobi huɗu, don haka ka nemi a nuna maka ƙofar makarantar Malikiyya. Kada a fita sai an shiga ɗakin ƙubba da ke bayan mihrabi. Na Rifa'i sabo ne idan aka gwada da maƙwabcinsa, an kammala shi a 1912, a cikinsa ne kuma aka binne Sarki Faruk da Shah na ƙarshe na Iran, wanda ya rasu a Alƙahira a 1980. Minti ashirin sun wadatar a nan.

Daga nan akwai zaɓi, kuma ba za a iya yin duka biyun cikin natsuwa ba. Ko dai a bi Titin Saliba zuwa Masallacin Ahmad bin Tulun, wanda aka gama a 879, mai faffaɗan fili da hasumiyar da matakalarta ke zagayawa ta waje, ko kuma a nufi maƙabartar Ƙarafa domin ziyarar ƙubbar Imam Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira. Mai son gini ya zaɓi na farko, mai niyyar ziyara ya zaɓi na biyu, amma a faɗa tun a yarjejeniya. Sallar Azahar, wadda ke kamawa kusan ƙarfe 12 a lokacin sanyi da kusan ƙarfe 1 a lokacin zafi, a yi ta a duk wanda aka zaɓa.

Gargaɗi: a kowane masallaci za a karɓi takalminka ko a ɗaura maka rufin yadi a kansa, kuma ana sa ran 'yar kyauta, fam 10 ko 20 ya isa. Idan wani ya ce zai buɗe maka ƙofar hasumiya ko wani ɗaki na musamman, a daidaita abin da za a ba shi kafin a taka matakala. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura da hawa.

Mataki na 7: Abincin rana

A ci abu mai sauri a wurin da 'yan gari ke ci. Koshari, wato haɗin shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙananan wake) da soyayyar albasa da miyar tumatir, yana da araha kuma yana riƙe ciki, haka ma ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosai) da burodin gargajiya. Abin sha akwai ruwan rake da karkade, wanda zoɓo ne. Manyan gidajen abinci suna ƙara harajin kashi 14 cikin ɗari da ladan hidima a kan farashin da ke rubuce, saboda haka lissafin yakan zarce abin da aka zata. Ruwan roba kawai za a sha, kuma kada zaman ya wuce minti arba'in, domin gine-ginen da ke gaba suna rufewa da yammaci.

Mataki na 8: Titin Mu'izz daga arewa zuwa kudu

Kuskuren da aka fi yi shi ne sauka a Azhar, a kutsa kasuwa, sai an gaji sannan a tuna da Titin Mu'izz bayan an rufe ƙofofinsa. Daidai shi ne direba ya sauke ku a Babul Futuh, ƙofar ganuwa ta arewa da aka gina a 1087, ku gangaro kudu da ƙafa, tafiyar da ba ta wuce kilomita guda ba, ta yadda za ku ƙare a kasuwa ba tare da komawa baya ba. Kafin ya tafi, a tsayar da wurin haɗuwa da lokaci, a karɓi lambarsa da lambar motar.

Da shiga ƙofar, Masallacin Hakim yana hagu, an kammala shi a 1013, kuma wuri ne mai kyau na hutawa da sabunta alwala. Gaba kaɗan akwai ƙaramin Masallacin Aƙmar na 1125 mai fuskar dutse da aka sassaƙa, sai sabil ɗin Abdurrahman Katkhuda a mararrabar titi, inda a da ake raba ruwan sha a ƙasa, yara kuma suna karatun allo a sama. Inda ya kamata a daɗe shi ne wurin da ake kira Bainal Ƙasraini, inda makarantar Sultan Barƙuƙ da ginin Sultan Ƙalawun suke jere. Na Ƙalawun, na 1285, ya haɗa makaranta da asibiti da ƙubbar kabari, kuma adon cikin ƙubbar ba shi da na biyu a titin. Tikiti guda yana shigar da mutum da yawa daga cikin waɗannan gine-gine, don haka a adana shi har ƙarshe. A yi ƙoƙari a iso nan kafin ƙarfe 3.

Gargaɗi: idan wani ya tare ku ya ce wurin da kuka nufa a rufe yake, ya kuma ce zai kai ku wani da ya fi shi, ku ce "la, shukran" ku wuce. Haka ma mai miƙo abu yana cewa kyauta ce.

Mataki na 9: Azhar, kasuwa da Masallacin Husaini

Titin Azhar yana da faɗi da cunkoso, kada a yi kasadar ratsa shi; akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa da ke fitar da mutum kusa da masallacin. Shiga Azhar kyauta ne. An aza harsashinsa a 970, aka fara sallah a cikinsa a 972, kuma har yau za ka tarar da halƙoƙin karatu a jikin ginshiƙai, don haka a rage murya, kada kuma a ɗauki hoton ɗalibai sai da izininsu. Ka tambayi ɗan jagora game da ruwaƙai, wato sassan kwanan ɗalibai da aka raba bisa ƙasashe, domin a cikinsu akwai wanda aka sani da sunan mutanen Borno. Idan La'asar ba ta riske ku a Titin Mu'izz ba, nan ne wurinta.

Sai yanzu ne lokacin Khan al-Khalili. Wanda ya saba da Kasuwar Kurmi ba sai an koya masa ciniki ba: farashin farko ba shi ne farashi ba, a taya ƙasa sosai, a yi kamar za a tafi. Abin da ya kamata a sani shi ne, idan ɗan jagora ne ya kai ka shago, akwai yiwuwar kamashonsa yana cikin abin da za ka biya, don haka ka nemi ya zauna a gidan shayi ya ba ku sa'a guda ku zagaya da kanku. Shagunan bakin dandali sun fi tsada, na cikin lungu sun fi sauƙi. Azurfa da zinariya a duba hatiminsu, a auna a gabanka, a karɓi rasiɗi. Duk abin da aka ce maka tsohon kayan Fir'auna ne na gaske, ka bar shi, domin ko dai jabu ne, ko kuma fitar da shi daga ƙasar babban laifi ne.

Magariba a yi ta a Masallacin Husaini da ke bakin kasuwar, inda Misirawa da yawa suka yi imani cewa kan jikan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana binne. Ƙofar maza daban take da ta mata, cunkoson kuma yana da yawa, saboda haka a sanya alamar wurin haɗuwa a dandali kafin a rabu, waya da kuɗi kuma su koma aljihun gaba.

Mataki na 10: Sallama da komawa masauki

A biya cikon kuɗin bayan an iso mota ko masauki, a ƙirga a gaban juna. Idan aikin ya gamsar, a ƙara wa ɗan jagora kyauta kamar kashi goma cikin ɗari na ladansa, direba kuma a ba shi tasa a hannunsa, kada a haɗa a ce su raba. Wanda yarjejeniyar motarsa ta ƙare a Babul Futuh zai iya kiran Uber ko inDrive daga Titin Azhar, sai dai ya lura cewa lambobin motocin Masar da haruffa da alƙaluman Larabci aka rubuta su, ya gwada da abin da wayarsa ta nuna kafin ya shiga. Idan farar tasi ce, ko dai a kunna mita ko a daidaita kuɗi kafin a rufe ƙofa. In wani saɓani ya taso a kan kuɗi ko wani abu ya ɓace, lambar 'yan sandan yawon buɗe ido ita ce 126, kuma saƙon yarjejeniyar da ke cikin wayarka shi ne abin da za ka fara nuna musu.